Hayaƙi ke kira, sojojin jiki ke ɓarna: dalilin da ya sa Kawu ke haki shekara tara bayan ya bar taba

Kawuna ya bar shan taba shekara tara ke nan, tun da ya ajiye tuƙin babbar mota ya dawo gida noma, amma har yau daga ƙofar gidansa zuwa masallacin unguwa, tafiyar da ba ta kai taku ɗari ba, sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga yana haki. Idan hunturu ya shigo ƙurar nan ta lulluɓe garinmu nan gefen Ringim, to a zaune yake kwana ya jingina da buhun gero, don in ya kwanta ji yake kamar an ɗora masa turmi a ƙirji. Ranar da muka kai shi Kano aka sa shi ya hura iska a wata na'ura aka gaya mana sunan ciwon, a mota muna dawowa ya juyo ya ce min, "Ɗan nan, ni fa na tuba na bar abin nan tuntuni, to mene ne kuma yake ci na?" Na ce Kawu ku yi haƙuri, in Allah ya yarda zan nemo muku amsa.

Ni ma'aikacin lafiya ne a asibitin ƙauye, kuma wallahi tambayar nan ta zauna min a rai don ba shi kaɗai ba ne, duk hunturu sai an kawo mana irinsa, tsofaffi maza da mata, wani a ce asma ce, wani a ce sanyi ne ya shiga ƙirji, wani a ce ai tsufa ne kawai. Likitoci suna kiran ciwon COPD, wato toshewar hanyoyin iska na huhu mai daɗewa wadda ba ta buɗewa gaba ɗaya ko an ba da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai ciwon ya kashe mutum miliyan 3.23, shi ne na uku a lokacin cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a duniya. Abin da na fahimta bayan na bi aikin masu bincike shi ne, hayaƙi yana ƙona nasa kam, amma babbar ɓarnar da ke cinye huhu sojojin jikin mutum ne da kansu suke yin ta, hayaƙin kira yake yi su kuma su amsa, kuma in sun saba fitowa ba sa komawa bariki da sauƙi.

Sai an san yadda huhu yake kafin maganar ta shiga. Ka ɗauka bishiya ce aka kifa ta, gangar tana maƙogwaro, rassan suna rabuwa biyu biyu sama da sau 20 har su zama sirara, wasu faɗinsu bai kai milimita 2 ba, a ƙarshen kowane reshe kuma akwai 'yan jakunkunan iska kamar saƙar zuma, tsakanin miliyan 300 zuwa 500 a huhun babban mutum. A bangon jakunkunan nan ne iskar oksijin ke tsallakawa cikin jini. Bangon yana da wani zare mai talewa kamar robar wando, in ka ja numfashi ya miƙe, in ka saki ya koma da kansa ya turo iskar waje, shi ya sa mai lafiya ba ya wahalar fitar da numfashi, robar ce ke masa aikin. Sannan a cikin rassan akwai majina mai kama ƙura, da wasu 'yan gasusuwa da ido ba ya gani suna kaɗawa dare da rana kamar tsintsiya suna sharo majinar sama mu haɗiye ba mu ma sani ba. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma farkon abin da yake yi shi ne ya kwantar da tsintsiyar nan ya kuma ƙara yawan majinar. Tarin asubar da mashayi ke yi yana kaki kafin ya yi alwala, to daga nan yake, datti ya taru babu mai shara sai tari.

Abin da ya wuce tsintsiya ya kai can ƙasa, akwai masu gadi da ke jiransa. Sunansu makrofaj, ma'anar sunan ma babban mai ci ne, aikinsu su haɗiye duk baƙon da ya shigo, ƙura ce ko ƙwayar cuta ko gawar wata ƙwayar halitta da ta mutu. A huhun mashayi yawansu ya ninka na wanda ba ya sha, kuma in an wanko su aka duba a madubin likita za a ga cikinsu ya yi duhu da dattin hayaƙi. Matsalar ita ce ƙwayar cuta in an haɗiye ta ana narkar da ita a gama, shi kuwa hayaƙi ba a gama shi, ka zuƙi kara ɗaya da safe, wani bayan shayi, wani bayan azahar, shekara talatin ana haka. Mai gadin sai ya ɗauka yaƙi ne ya ƙi ƙarewa, sai ya riƙa sakin sinadaran kiran agaji, su kuma wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutrofil su fito daga jini su cika wurin. Su waɗannan ba su iya lallami ba, makaminsu wani sinadari ne mai yanka nama ana ce masa ilastes, da shi suke farfasa ƙwayar cuta, kuma shi ɗin bai san bambancin ƙwayar cuta da robar huhu ba, duk wanda ya samu yanka yake.

To me ya sa kowa ma huhunsa bai yage ba, tunda kowa na da waɗannan sojojin? Saboda Allah ya yi musu takunkumi. Hanta tana haɗa wani sinadari, alfa-1 antitiripsin, tana zuba shi a jini ya je huhu ya riƙe ilastes kar ya wuce gona da iri. Yadda aka gano haka yana burge ni. A 1963 a garin Malmo na ƙasar Suwidin wasu likitoci biyu, Carl-Bertil Laurell da Sten Eriksson, suna duba gwajin jinin mutane sai suka lura akwai 'yan kaɗan da wannan sinadarin ya kusa babu a jininsu, gado ne suka yi, kuma cikinsu har da waɗanda huhunsu ya lalace tun suna da sauran ƙuruciya. Ba a jima ba, a tsakiyar shekarun 1960, wani mai bincike a Amurka mai suna Paul Gross ya zuba wa ɓeraye sinadarin papen a huhu, wannan da ake samu a farin ruwan da ke tsatsa in ka yanki ɗanyar gwanda, wanda ke sa nama mai tauri ya yi laushi, sai ga huhun ɓerayen ya koma irin na tsohon mashayi, bangon jakunkunan ya narke sun haɗe sun zama manyan ramuka marasa amfani. Daga waɗannan biyun aka gane maganar ta ma'auni ce, mai yanka a gefe guda, takunkumi a ɗaya gefen. Shi kuma hayaƙi ta ko'ina yake karkatar da ma'aunin, ya ƙara yawan masu yanka, sannan sinadaransa su taɓa takunkumin su rage masa ƙarfi. Wato mashayi da bai gaji komai ba yana jawo wa huhunsa wani abu mai kama da halin wanda aka haifa da ƙarancin.

Gwajin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 1997, a garin Sent Luwis na Amurka, ƙarƙashin wani likita Steven Shapiro. Sun samar da ɓeraye da aka cire wa makrofaj ɗinsu ikon haɗa wani sinadarin yanka guda ɗaya, sai aka riƙa busa musu hayaƙin sigari tsawon wata shida tare da ɓerayen da ba a taɓa ba. Waɗanda ba a taɓa ba huhunsu ya yage kamar yadda aka zata. Su kuwa waɗanda aka karɓe wa masu gadinsu wuƙa, hayaƙi ɗaya, tsawon lokaci ɗaya, amma huhunsu bai yage ba. Ɓera ba mutum ba ne kam, kuma a jikin ɗan Adam masu yankan sun fi ɗaya, amma gwajin ya nuna ƙarara hannun wa ke riƙe da wuƙar. Kamar manomi ne ya ga gafiya ta shiga ƙarƙashin rumbu ya kunna wuta don ya kore ta, gafiyar ce dalili, amma wutarsa ce ta ci dawar.

Yanzu ga ainihin tambayar Kawu, me ya sa wutar ba ta mutuwa in an daina? Abubuwa ne suka haɗu suna ciyar da juna. Ɓurɓushin robar da aka yanka shi kansa kira ne, sojoji na jin sa su ƙara zuwa. Su kuma masu gadin da suka shekara suna haɗiyar datti sun rage ƙwazo a ainihin aikinsu, ba sa kwashe ƙwayoyin cuta da gawarwakin ƙwayoyin halitta yadda ya kamata, sai bakteriya su samu wurin zama a cikin majinar da ta kwanta, zamansu kuma ya zama sabon dalilin kiran yaƙi ko da babu sigari ko ɗaya. Sannan akwai wata runduna ta daban, limfosait, masu dogon tunani, waɗanda su ne ke tuna cutar da aka yi maka rigakafinta tun kana goye. A 2004 James Hogg da abokan aikinsa a Bankuba ta Kanada suka duba naman huhun da aka ciro wa marasa lafiya a tiyata, suka ga gwargwadon tsananin ciwon gwargwadon yadda bangon ƙananan rassan ya yi kauri ya cushe da majina, kuma limfosait sun taru sun kafa 'yan sansanoni a jikin bangon, har a huhun mutanen da suka daɗe da barin taba. Wasu masu binciken ma sun ga alamun a wasu marasa lafiyar garkuwar jiki ta fara ɗaukar naman huhun da hayaƙi ya canza wa kama a matsayin baƙo. Rundunar da ta kafa sansani ai ba ranar da aka daina harbi take tashi ba.

Abu mai ban tsoro kuma ɓarnar ba ta yin ƙara. Ƙungiyar Hogg ɗin nan a 2011 sun yi amfani da na'urar hoto mai ganin ƙananan abubuwa suka nuna cewa ƙananan rassan ɓacewa suke yi gaba ɗaya tun kafin jakunkunan su yage, wani aikin nasu na 2018 kuma ya nuna ko wanda gwaji ya ce ciwonsa ɗan kaɗan ne ya riga ya rasa kusan kashi 40 cikin 100 na rassan can ƙarshe. Huhu yana da rara mai yawa, shi ya sa saurayi zai yi ta zuƙa yana noma kadada yana ɗaukar buhu ya ce shi ba abin da take masa. Ranar da ya fara haki a kan kunya, an daɗe da yin asarar.

Kar wani ya ji wannan ya ce to tunda wutar ba ta mutuwa mene ne amfanin dainawa, a'a wallahi, nan ne ma nake so a tsaya. Charles Fletcher da Richard Peto sun bi ma'aikata maza kusan 800 a Landan tsawon shekara 8 suna auna numfashinsu, suka fitar da sakamakon a 1977. Kowa ƙarfin huhunsa yana raguwa da shekaru, amma a cikin mashaya akwai waɗanda nasu ke gangarawa da gudu, kuma in irin waɗannan suka daina abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai gudun gangarowar ya ragu ya kusa komawa irin na kowa. Haka na gaya wa Kawu, na ce da ba ku daina shekara tara da suka wuce ba, da yanzu ba maganar tsayawa sau biyu a hanyar masallaci ake ba, da fitowa daga ɗaki ma ta gagara. Ya yi shiru, sannan ya ce Alhamdulillahi.

Sai dai in muka tsaya a kan sigari kaɗai mun zalunci iyayenmu mata. Binciken da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manya ne ke amfani da taba, maza kusan kashi 10, mata ko kashi 2 ba su kai ba, amma a bencin asibitinmu tsofaffin mata masu haki ba su da wuyar gani, matan da ko warin taba ba sa so. Ka shiga madafin Inna ka ɗaga kai ka kalli rufin, kunkunniyar nan baƙa wuluk da ke reto, to mai girkin da ta shekara arba'in tana durƙushe tana hura murhu da ɗanyen itace, da karan dawa, da kashin shanu in damina ta hana samun busasshe, wani lokacin har da leda ake kunna wutar, abin da ya hau rufin irinsa ya shiga ƙirjinta. Masu gadin huhu ba sa tambayar daga ina hayaƙi ya zo. A Malawi masu bincike sun wanko makrofaj daga huhun mutanen da ke girki da itace suka same su ɗauke da baƙin gawayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 70 cikin 100 na ciwon daga taba ne, amma a ƙasashe irin namu kashi 30 zuwa 40 ne kawai, hayaƙin cikin gida na cikin manyan abubuwan da ke cike sauran. Ka ƙara da ƙurar sussuka da shiƙa, da ta injin niƙa, da tabon da tarin fuka ke bari a huhu ko bayan an sha magani an warke, ita kanta taba kuma tana ƙara haɗarin kamuwa da tarin fukar saboda ta raunana masu gadin da ya kamata su fara tare shi.

Ga kuma yaron da ke goye a bayanta. Huhu yana ci gaba da girma har mutum ya shiga shekara ashirin da 'yan kai, wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna kusan rabin waɗanda suka kamu da COPD ba wai huhunsu ya gangaro da gudu ba ne, tun farko bai kai cikakken girmansa ba. Jaririn da ya sha hayaƙin murhu, ya yi nimoniya sau biyu sau uku, abinci bai wadace shi ba, da ɗan guzuri zai shiga girma, raguwar da kowa ke yi da shekaru ta isa ta kai shi ƙasa ko bai taɓa riƙe kara ba. Wannan yana damuna ƙwarai duk sanda na ga uwa ta shiga madafi da goyo.

Sanin wane soja ne ke ɓarna ba maganar ɗakin bincike ce kawai ba, tana taɓa abin da mutum zai haɗiya. Kafin mu kai Kawu Kano ya fi shekara biyu yana sayen 'yan ƙananan ƙwayoyin nan na sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, a kemis, an ce masa asma ce, in ya sha ya ɗan ji dama sai ya ƙara. A asma yawanci sojojin da ke kan gaba wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira isinofil, su kuma suna jin maganar sitiroyid sosai. A mafi yawan masu COPD kuwa niyutrofil da makrofaj ne, kuma aikin Peter Barnes da mutanensa a Landan ya nuna hayaƙi yana lalata wani sinadari a cikin ƙwayar halitta wanda sitiroyid ke bi ta kansa ya kashe kumburi, shi ya sa maganin ba ya cin su yadda yake cin asma. Likita yana iya ba da shi na 'yan kwanaki in ciwon ya tashi, wannan daban, amma sha kullum wata da watanni yana jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, garin neman ƙiba a samo rama. Abin da ya fi taimakon irin su Kawu shi ne inhela mai buɗe hanyar iska, wadda mutanenmu ke gudu wai in ka fara ba ka dainawa, alhali ita ce ke kai magani kai tsaye inda ake buƙata da ɗan kaɗan.

Akwai dai wani kaso na masu COPD da isinofil ɗinsu ke da yawa a jini, ana ganewa da gwajin jini na yau da kullum, su inhela mai sitiroyid tana musu amfani, kuma a watan Satumba na 2024 Amurka ta amince da wata allura mai suna dupilumab domin irinsu, bayan gwaji ya nuna ta rage tashin ciwon da kusan kashi 30 cikin 100. Na yi murna da na ji, don hakan ya nuna shekara sittin na bin diddigin sojojin nan ya fara haihuwa. Amma allura ce mai tsadar gaske, kuma yawancin binciken nan a kan mashaya sigari na Turai da Amurka aka yi shi. A ganina abin da ya fi kamata jami'o'inmu na Kano da Dutse su sa a gaba shi ne huhun matar da ke girki da kara, a san waɗanne sojoji ne suka fi yawa a nata, a san maganin da zai fi dacewa da ita, sannan na'urar hura iskar nan da aka gwada Kawu da ita, sifirometa, wadda ba ta fi a riƙe ta a hannu ba, ta sauko manyan asibitocin ƙananan hukumomi, don da ita ake raba asma da wannan ciwon.

Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, amma mai tebur na bakin tasha har gobe zai buɗe kwali ya miƙo maka ɗaya, kuma yaro ake aika ya sayo. Ga shisha ta iso har ƙauye, samari na cewa ai ruwa ya tace ta, alhali hayaƙin gawayi da na taba ne a haɗe suke kaiwa ƙasa.

A gidanmu dai abin da muka iya muka yi. Mun fasa bangon madafin Inna ta sama aka yi taga biyu suna kallon juna, in ba ruwa ake ba a tsakar gida ake ɗora tukunya, itace sai ya bushe, leda kuma an hana sa ta a wuta, ƙannena mata in za su girki sai su sauke goyo su miƙa wa wani. Kawu kuma na koya masa ya riƙa jan iska ta hanci ya fitar a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura kunu, hakan na hana ƙananan rassan da suka rasa roba rufewa kafin iskar ta gama fita. Yana shaƙar inhelarsa safe da yamma, yana rufe hanci da rawani in ƙura ta taso, kuma na roƙe shi kar ya bar tafiya masallacin nan ko zai tsaya sau uku ne, don zama wuri ɗaya yana kashe ƙarfin ƙafa ya ƙara hakin. Jiya da magariba na gan shi ya dafa katangar, ya tsuke baki ya fitar da iska sau huɗu, sannan ya ɗaga sandarsa ya ƙarasa, ya samu raka'a ta biyu.